Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ramar da Ta Ƙi Jin Abinci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin na tsaya ne a inda gwajin kaki na GeneXpert ya nuna tarin tibi ke damuna. Kafin in shiga maganar magani bari in ɗan tsaya kan ramar nan, don wlh ita tafi tarin kanshi ɗaga wa mutanen gidanmu hankali.

Awarwaron da a da sai na shafa sabulu yake fita, ya koma yana zamewa har gwiwar hannu, zani kuwa in na ɗaura sai na ƙara zagaye ɗaya. Kullum la'asar jikina ya ɗau zafi, cikin dare kuma zufa har matashin kai ya jiƙe sharkaf ko da sanyi ake. Masu zuwa dubiya kowa da nashi, wannan tace sammu ne, waccan tace tunani ne, wasu kuma basu faɗa ba amma kallon da suke min na san ƙanjamau suke nufi. Inna ita dai ta yarda abinci ne maganin rama, kunun gyaɗa, farfesun kayan ciki, ƙwai, madara, ba abinda bata haɗo ba, ni kuma ƙamshin miya kaɗai tayar min da zuciya yake, cokali biyu na ture kwano.

Ranar da aka ɗora ni kan sikeli Inna ta kasa haƙuri tace "Sista, yarinyar nan fa muna bata abinci, ina yake tafiya?" Allah ya saka wa nas ɗin nan da alheri, kujera ta ja ta zauna. Tace "Mama, jikin da ke yaƙi da ƙwayar cuta ko a kwance yake yafi jikin mai lafiya cin ƙarfi. Zazzaɓi in ya hau da digiri 1, abinda jiki ke ƙonawa yana ƙaruwa da kamar kashi 10 zuwa 13 cikin 100, ga ƙwayoyin garkuwar jiki suna ta zuƙar suga suna aiki." Abinda yafi bani mamaki shine da tace rashin son cin abincin ma jikin ne ke kawo shi da kanshi, sinadaran da garkuwar jiki ke saki, ta ambaci ɗaya wai TNF, su ke zuwa ƙwaƙwalwa su kunna zazzaɓi su kuma kashe sha'awar abinci. Kenan kashewa ta ƙaru shigowa ta ragu. Toh ina za'a samo cikon? Tace kamar gidan da itace ya ƙare ana tsaka da girki ne, sai a fara fasa kujeru ana turawa murhu, jiki ya narkar da kitse ya kuma dinga warware tsoka, hanta ta ɗauka ta haɗa suga da furotin ɗin da yaƙin ke buƙata. Shi yasa ba ƙiba kaɗai na rasa ba, bokitin wanka ma gagarata yake.

Maganar jini ma haka, Yaya ya sayo kwalaben ƙarin jini da kuɗi masu yawa ganin idona yayi fari fat, Sista tace a dakata sai likita ya duba, don lokacin ciwo hanta na sakin wani abu mai suna hepcidin da ke kulle sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, a ma'ajiya kar ƙwayar cuta ta samu, in ba'a kashe cutar ba jinin ba zai hau yadda ake so ba. Sun kuma gwada ni suga da HIV, duk mai tibi ana mishi, duka suka fito lafiya, kuma na tabbatar labarin ya isa kunnen masu kallon nan.

Magani kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6, wata 2 na farko haɗin magani 4 sauran wata 4 haɗin 2. Rifampicin ɗin ciki ya maida fitsarina ja-ja kamar ruwan lemo, da ba'a gargaɗe ni ba da na ce jini ne. Ni a ganina nan mutane ke kuskure, a tsaya ana ɗura wa mara lafiya kaji da madara wata da watanni ba'a je an gwada ba, abinci na da muhimmanci sosai amma shi kaɗai baya tsayar da ramar nan. Bayan 'yan makonni da fara shan magani zufar dare ta ɗauke, sai ga wata irin yunwa, ƙarfe biyun dare na tashi Inna wai ɗumamen tuwo nake so, tana hura wuta tana dariya tana hawaye. Kumatu da ciki suka riga ciko, ƙarfin hannu da ƙafa kam ya daɗe bai dawo ba, keken ɗinkina sai da na kusa gama magani na iya taka shi yini guda.

Sati mai zuwa in Allah ya kaimu zan baku labarin yadda dangin mijina suka ware min kwano da kofi, da abinda ya biyo baya.