Daga Ingila: ranar da aka sallamo tsoho daga asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gaisuwa a taƙaice, don tambaya ɗaya kuke ta maimaita mini: yaya ake yi da tsofaffi a nan in asibiti ta sallame su? Zan taɓo takardu, magani, abinci da kuɗi.

Takardun nan suna cin rai. Likita ya ce Baba ya samu sauƙi, amma sai ya ƙara kwanaki a gado yana jiran sa hannu. Likitan gashin ƙashi sai ya ga hawansa a matakala. Wata ma'aikaciya ta tambayi tsayin gadonsa da na masai, ta sa a kai ƙarfen dogarawa da kujerar bahaya. A rubuta takardar sallama zuwa ga likitan unguwa, a jira magani daga ɗakin magani, a jira mota. Sannan masu kula su riƙa zuwa gida, wani har sau huɗu a rana, kyauta zuwa mako shida. Jiran yana ɓata mini rai ƙwarai, domin kowace ranar kwanciya tana zaftare ƙarfin ƙafar tsoho.

Sai dai takardar sallamar nan ina so ku ma ku riƙa nemanta a asibitocinmu na gida. Ku sa nas ta rubuta kowane magani, adadinsa, lokacinsa, da wanda aka dakatar. Sau da yawa tsohon maganin hawan jini yana nan a ɗaki, a haɗa masa da sabon, jini ya sauka, jiri ya kayar da shi a hanyar banɗaki. In zai tashi, ya zauna a bakin gado minti ɗaya zuwa biyu tukuna. A ɗauke tabarma mai naɗewa daga hanyarsa, a bar fitila da dare. Masai na tsuguno ya fi ƙarfin gwiwarsa yanzu. A huda kujera a sa bokiti a ƙasa.

Mu Allah ya ba mu jama'a, su nan hayar masu kula suke yi. Amma tausayinmu kan sa mu ce "kwanta Baba, kar ka motsa". Ku bar shi ya taka zuwa ƙofa, ya ci abinci a zaune. Wanda ba ya iya juyawa a juya shi duk awa biyu, a duba dunduniya, kwankwaso da ƙashin gindi. Jan da bai washe ba in an danna, ko fata ta yi duhu da tauri, gyambon kwanciya ne ya soma.

In ya ruɗe farat ɗaya, yana surutai, kar a ce tsufa ne ko iska. Ƙarancin ruwa, ciwon mafitsara ko taurin bayan gida na kawo haka, a koma asibiti ranar.

Abinci kaɗan-kaɗan, ƙwai, wake, kunun gyaɗa. Kuɗin kulawa kuwa a nan Ingila, bayan mako shidan, wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Sauran sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.