Abin da ɗakin karatun firamare ya koya mini kafin in ajiye aiki

A ƙarshen zangon da ya wuce na miƙa makullin ɗakin karatu na makarantar da nake koyarwa a nan Kano. Abokan aiki da dama sun kira suna tambayar dalili, wasu sun ɗauka maganar albashi ce. Kowa ya san yadda albashin makarantun kuɗi yake, amma ba shi ya kore ni ba. Littattafan da na tara wa 'yan aji 3 zuwa 5 a kan tausayi da hana cin zali, da abin da aka yi da su, su ne silar tafiyata.

Da na karɓi ɗakin, duk abin da ke kan kanta littattafan Turanci ne na kyauta, yaran ciki suna wasa da ƙanƙara, sunayensu ma ba sa faɗuwa a bakin ɗalibanmu. Na nemi kuɗin sayen na Hausa, Hajiya mai makaranta ta ce iyaye ba su biya kuɗi don a koya wa 'ya'yansu Hausa ba. Sai na koma intanet. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara kyauta, akwai na Hausa a ciki, kuma an ba da izinin bugawa da fassarawa. Na kuma duba tsarin littattafan Mu Karanta da aka yi aiki da su a makarantun gwamnati na Bauchi da Sakkwato, na ɗauki salon jimla gajera da tambayoyi bayan karatu. Da kuɗin aljihuna nake bugawa, in haɗa da zare.

Kan tabarma muke zama bayan an dawo daga tara, yara kaɗan-kaɗan. Ba na kai labari ƙarshe a tashi ɗaya. Daidai inda aka tsokani yaron cikin labari nake tsayawa in ce, "Me kuke jin yake ji a ransa yanzu?" Bayan sun amsa in ce, "To wa ya gani ya yi shiru?" Tambaya ta biyun ita ke sa aji ya yi tsit, domin masu kallo sun fi masu zaluntar yawa, kuma kowa ya san kansa. Yaranmu ba baƙin tausayi ba ne, tun a ɗakin kaka suke jin haushin abin da ake yi wa 'yar bora. Amma su ne dai ke ƙyalƙyala dariya idan aka kwaikwayi tsamin bakin Gizo, su fita waje su yi wa mai in'ina irin dariyar. Aikin littafi shi ne ya haɗa musu waɗannan biyun.

Akwai wata yarinya zabiya a aji 4. Ana fizge mata hula, ana ɓoye mata tabarau, ana kiranta Baturiya, har wani malami da wannan sunan yake kiranta wajen rajista. Jagoran masu tsokanar ɗan wani mai hannu da shuni ne da ke da 'ya'ya da yawa a makarantar. Na kai ƙara, Hajiya ta ce, "Malama, yara ne fa, wasa suke." Abin da na samu kawai shi ne aka dawo da yarinyar layin gaba, saboda zabiya ba su cika gani daga nesa ba. Sauran na bar wa tabarma. Na karanta wa 'yan ajinta labarin wani yaro zabiya a ranar da ba ta cikin rukunin, ban ambace ta ba ko sau ɗaya. A hankali 'yan mata biyu suka fara cin abinci tare da ita, ɗayarsu ma ta taɓa ƙwato mata hular.

Sai watan Nuwamba ya zo. Tun 2020 hukumar UNESCO ke ware Alhamis ta farko a watan don yaƙi da cin zali a makarantu. Hajiya ta ji labari, ta ce za a yi taro a ɗauki hotuna don shafin makaranta na Facebook. Ta karɓi labarin yaron zabiyan ta ce a karanta da lasifika a asembili, a kuma fito da yarinyar ta tsaya a gaba a tafa mata. Na bi ta har ofis na ce, "Hajiya, don Allah kada a fito da ita." Ta ce, "Ke kika kawo littattafan, yanzu kuma za ki hana makaranta ta amfana?"

Haka aka yi. Yarinyar da rana ke ƙona wa fata aka tsayar da ita cikin rana, makaranta kaf na kallonta. Hajiya ta karanto daga rahoton UNESCO na 2019 cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ana cin zalinsa, alhali yaron da ya addabi wannan ɗaya yana tsaye a bayanta riƙe da allon taron, don shi ne monita. Daga ranar sunan yaron cikin labarin ya zama sabon laƙabinta, har ƙananan yara 'yan ajin reno sun haddace shi. 'Yan matan nan biyu suka ja da baya, suna tsoron kada a haɗa da su. Kafin hutu mahaifiyarta ta cire ta. A taron malamai Hajiya ta ce littattafaina ne suka jawo wa yarinyar ido, ta sa aka kulle su a durowa. Wannan maganar har yau tana cina.

Ga wanda zai gaje ni ko yake irin aikin a wani wuri: labarin tausayi ba na dandali ba ne, kuma yaron da ake zalunta ba abin nuni ba ne. Idan za ki karanta labarin da ya yi kama da wani a ajin, ki fara sanar da iyayensa, ki bar shi ya zaɓa ko zai zauna. Ki guji littafin da sai gurgu ko makaho ya ceci gari kafin a daina tsokanarsa, domin abin da yara ke ɗauka shi ne sai ka yi bajinta ake ganin mutuncinka. Ki guji wanda ke ƙarewa da an zane azzalumi, bulalar kawai suke tunawa. Ki fara da laƙabin da ke bakin malamai kafin na yara. Duk ƙarar da za ki kai kuma ki rubuta ta, ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi.

Littattafan da na buga na kwaso su ranar da zan tafi. Hajiya ta ce kayan makaranta ne, na nuna mata rasit ɗina. Yanzu a wata Islamiyya ta unguwarmu nake karanta su ranar Asabar bayan an tashi, kuma kafin in fara sai da na yi sharaɗi da shugaban cewa ba za a ɗauki hoton ko yaro ɗaya ba.