Akwatin imel ɗin marigayi sakatare

Bayan ƙaramar sallah ne kawuna ya kira ni da daddare, ko gaisuwa bamu gama ba yace "ɗana gobe ka shigo da wuri, akwai aikin da sai kai". Kawu yana cikin dattawan wata ƙungiyar manoma a garinmu, kuma sakataren da ya riƙe musu rubuce-rubuce shekara da shekaru Allah ya yi masa rasuwa, sai ga wani ɗan kasuwa ya taso yace akwai kuɗin takin da ya kawo musu har sau biyu ba a biya shi ba. Dattawa sun san an biya, amma saninsu ba hujja ba ne, rasit ake so, kuma rasit ɗin duk ta imel suke zuwa wajen marigayi. Ba wanda ya san lambar sirrin imel ɗin, layin wayar da aka buɗe shi da shi ma ya daɗe da mutuwa. Abun da ya rage kawai tsohuwar laftof ɗinsa da iyalansa suka miƙo da izininsu, allon ya fashe, ko tashi bata yi.

Na ciro faifan ajiyarta, wato hard disk, na jona a tawa kwamfutar, Allah ya taimaka ashe da manhajar imel ta Thunderbird yake karanta saƙonninsa, wadda ke ajiye kwafi a kan na'ura. A cikin foldar na ga fayiloli masu suna Inbox da Sent, babu wutsiya a sunansu, kowanne da ɗan ƙaninsa a gefe mai ƙarewa da .msf. Shi wannan ƙaramin jadawali ne kawai, ainihin wasiƙun suna cikin manyan. Abu na farko da na yi shi ne kwafe su gaba ɗaya zuwa filash guda biyu, kuma ban yarda na buɗe su da Thunderbird ba saboda yana iya matse fayil ya share abun da aka goge, ni kuma lokacin ban san me zan buƙata ba.

Tsarin fayil ɗin ana kiransa mbox, tun zamanin tsarin kwamfuta na Unix na farko yake. Ba wani abu ne mai zurfi ba a ido, wasiƙu ne aka jera ɗaya bayan ɗaya a fayil guda, kowacce ta fara da layin da ke ɗauke da kalmar From sannan tazara. A na marigayi layin kamar haka yake: From - Tue Mar 04 10:15:22 2014. Da na ga haka nace ai wannan aikin awa ɗaya ne, na rubuta ɗan firogiram da harshen kwamfuta na Python da zai yanka fayil ɗin duk inda layi ya fara da From. Sai na ga yawan wasiƙun ya wuce hankali, kusan ninki biyu, rabi babu kwanan wata rabi babu wanda aka aika wa. Na ɗau lokaci kafin in gane cewa a cikin kan kowace wasiƙa akwai wani From ɗin mai ɗigo biyu a gabansa wanda ke nuna mai aikowa, ni kuma ban bambanta su ba, ina ta raba wasiƙa gida biyu. Tazara guda ɗaya ce tsakanin daidai da ɓarna.

Ko bayan na gyara wannan akwai sauran rina a kaba. In mutum ya rubuta wasiƙa da Turanci ya fara layi da From, misali masu fara takarda da sunan ofishin da ta fito, to dole manhajar da ke ajiyewa ta saka alamar > a farkon layin don kar a ɗauka sabuwar wasiƙa ce. Matsalar ita ce ba duka manhajoji ne suka yi ittifaƙi kan yadda za a yi ba, akwai mboxo akwai mboxrd akwai masu dogara da tsawon saƙo da aka rubuta a kai, kuma fayil ɗin ba zai gaya maka wanne ne shi ba. Takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 4155 da ta fito a 2005 ita kanta ta yarda cewa iri-iri ne. Daga nan na haƙura da yankan hannu na koma kan mailbox da email, kayan da suka zo tare da Python, na haɗa su da policy.default wanda ya zauna da gindinsa tun Python 3.6, don in ka bar shi a tsohon tsari haka zai miƙo maka kan saƙo ɗanye sai ka warware da kanka.

Kuskuren da ya fi ci min rai na kwana na biyu ne. Na buɗe fayil ɗin a matsayin rubutun UTF-8, wato ɗaya daga cikin tsare-tsaren ajiye haruffa a kwamfuta, firogiram ɗin ya tsaya a tsakiya yace akwai bayit, wato ƙwayar bayani, da bai gane ba, sai nace masa ya tsallake duk abun da bai gane ba ya wuce. Ya wuce ɗin kuwa, lafiya lau, babu ƙorafi, amma da na zo dubawa sai na tarar haruffa sun ɓace a tsakiyar sunayen mutane da alamar kuɗi. Fayil guda yana ɗauke da wasiƙu daga wayoyi da kwamfutoci daban-daban na tsawon shekaru, kowacce da tsarin haruffanta, babu yadda za a yi ka karanta su da ma'auni ɗaya. Dole a buɗe shi a matsayin bayit zalla, a raba wasiƙu, sannan kowane yanki a tambaye shi da wane tsari aka rubuta shi. Da ba don kwafin da ke filash ba da na shiga uku, domin sakamakon da na ajiye a lokacin gurɓatacce ne.

Shi kan wasiƙa ƙa'idarsa tun RFC 822 ta 1982 take, wadda RFC 5322 ta gada a 2008: suna, ɗigo biyu, sai bayani, haka har a kai layin farko da babu komai a cikinsa, daga nan gangar jiki ta fara. Amma layi mai tsawo ana naɗe shi, ya ci gaba a layi na gaba da ya fara da tazara, wanda bai sani ba zai samu rabin take ne kawai. Inda abun ya taɓa ni sosai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Na nemi kalmar kuɗin taki a cikin take ban samu ko ɗaya ba, alhali kawu ya rantse haka marigayi yake rubutawa. Na buɗe ɗanyen fayil ina bi da ido sai na ga wannan:

Subject: =?UTF-8?Q?Ku=C9=97in_taki?=

Ashe ga ta nan a gabana. Kan imel an gina shi ne don haruffan Turanci tsura, shi ya sa RFC 2047 ta kawo dabarar ɓoye sauran haruffa a cikin wannan kwanson, ɗ ta zama =C9=97, ƙ ta zama =C6=99, ɓ ta zama =C9=93, in kuma harafin tsakiya B ne maimakon Q to wani salon ne mai suna base64, ido ba zai karanta komai ba sam. Wasu wasiƙun kuma tun kafin su iso an riga an lalata su a hanya, wata manhaja ta karanta UTF-8 da teburin haruffa na windows-1252, sai ƙungiya ta koma Æ™ungiya, kuɗi ya koma kuÉ—i. Waɗannan na iya dawo da su ta hanyar juya kuskuren baya, amma babban Ɓ ya ba ni wahala, domin bayit ɗinsa na biyu 81 ne kuma wannan gurbin babu harafi a teburin windows-1252, a wasu wuraren alamar tambaya kawai ta rage, sai dai ka cike da saninka na Hausa.

Ga kuma mu kanmu da yadda muke rubutu. Marigayi in yana kan kwamfuta kuɗi yake rubutawa, in a waya ne kudi, wani ma'aji kuma ku'di yake sakawa. Na zaci gyaran Unicode da ake cire wa harafi alamar sama zai haɗa min su, ashe ɗ da ƙ da ɓ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, basa rabuwa zuwa d da ƙugiya. Da hannu na yi ɗan tebur, na ajiye rubutun asali yadda yake a shafi ɗaya, na yi wani shafin na bincike kawai wanda aka miƙar da haruffan.

Gangar jiki kuwa kamar ƙwarya a cikin ƙwarya take. Tun da tsarin maƙala abubuwa a imel mai suna MIME ya zo, wanda RFC 2045 zuwa 2049 na 1996 suka tsara, wasiƙa ɗaya na iya zama rubutu zalla da kwafinsa na HTML da hotuna da PDF, an raba su da wani layin iyaka da aka ambata a kai. Na fara da iter_attachments, umarnin Python mai zaro abubuwan da aka maƙala, na fitar da takardu da yawa na ji daɗi, sai daga baya na lura shi bene ɗaya kawai yake dubawa. Ma'aji yakan turo wa sakatare wasiƙar banki ne ɗungurungum a maƙale, wato message/rfc822, rasit ɗin yana can cikin cikinta, ni kuma ina ganin abu ɗaya marar suna ina wucewa. Sai da na koma umarnin walk wanda ke sauka har ƙasa. Sannan sunayen fayil, wlh rabin abun da aka maƙala sunansa scan0001.pdf ko image.jpg, suna ta danne juna a folda ban sani ba, na ƙarshe ne kawai ke tsira. Maganin shi ne na liƙa wa kowane suna farkon SHA-256 ɗinsa, wato lambar shaida da ake lissafowa daga abun da ke cikin fayil, wanda ya taimaka min kuma wajen gane takardar da aka turo sau uku.

Kwanan wata ma bai bar ni ba. Yawanci alamar yankin lokaci +0100 ce, wato agogonmu, amma akwai masu -0000 wanda ke nufin ba a san yankin ba, Python sai ya dawo da lokaci marar yanki, kana zuwa jera su firogiram ya faɗi. Akwai kuma wani mutum da batirin agogon kwamfutarsa ya mutu, duk wasiƙunsa suna nuna shekarun baya can. A irin wannan layin Received na can sama nake ɗauka, don kowace sabar, wato kwamfutar da ke miƙa imel, da saƙo ya ratsa tana ɗora nata a kai ne, na saman shi ne na ƙarshe, kuma agogon sabar ya fi na mai aikowa amana. Tunda magana ce ta ranar da aka biya kuɗi ban yarda na zaɓi ɗaya na jefar da ɗaya ba, duka biyun na saka a tebur. Komai kuma ina zuba shi a rumbun ajiyar bayanai na SQLite wasiƙa bayan wasiƙa, saboda sau biyu ana ɗauke wuta ana tsakiyar aiki batirina kuma ba ya riƙewa.

Rasit na farko ya fito cikin sauƙi bayan gyaran walk. Na biyun ne ya ƙi. Sai na tuna Thunderbird in ka goge saƙo ko ka matsar da shi wata folda ba ya cire shi daga fayil nan take, alama kawai yake sakawa a layin X-Mozilla-Status har sai an matse foldar, 0001 an karanta, 0009 an karanta kuma an cire. Ni da kaina na sa firogiram ya tsallake masu wannan alamar tun farko don rage maimaici. Na cire sharaɗin, na tace maimaici da Message-ID, wato lambar shaidar kowace wasiƙa, a madadinsa, sai ga wasiƙar ma'aji da takardar banki a cikinta. Ban san ko marigayi ya matsar da ita wata foldar da ta lalace ba ne ko hannunsa ne ya kuskure, amma tana nan cikakkiya har da lambar tura kuɗin.

Akwai abun da ban shirya masa ba. Akwatin nan ba na ƙungiya kaɗai ba ne, akwai wasiƙunsa da 'ya'yansa da ke makaranta, akwai na asibiti, kuma aikin tace rubutu yana sa idonka ya faɗa kan abun da ba naka ba. Da na lura sai na daina buga gangar jiki a allo, na tace da adireshin ma'aji da na 'yan kasuwa da kalmomin taki da iri da rasit, sauran na haɗa su a mbox daban na bai wa babban ɗansa a filash. Wasu 'yan wasiƙu da suka ƙi warwaruwa, masu iyakar da bata rufe ba da masu winmail.dat na Outlook, ban jefar ba, suna cikin folda da na sa wa suna "ban gane ba tukuna", ɗanyunsu yadda suka zo.

Ranar da na kai wa kawu takardun bayan la'asar ne, yana zaune a zaure kan tabarma. Na miƙa masa rasit biyun da wasiƙun da suka rako su, nace "Kawu ga su, ku duba kwanan watan da ke ƙasa, shi ne na sabar". Ya saka tabarau ya bi lambobin da yatsa, sannan ya dawo kan amsar da marigayi ya rubuta wa ma'aji, layi biyu ne kacal, cewa ya ga kuɗin taki sun fita, a sanar da dattawa ranar Juma'a. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba, sai yace "Allah ya jiƙan malam, haka yake rubuta ɗ ɗinsa ko a allo". Ya ninke su ya saka a aljihun gaba, yace in ƙara buga kwafi uku kafin zaman gobe.