Rodin baranda a sama yake

Babu abin da ke tayar mini da hankali a wurin gini kamar ranar zuba dekin, in ga leburori da kwanon kankare a ka suna tattaka rodin baranda har ya nutse ƙasa.

Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma in aka ja shi, ƙarfinsa kusan kashi 1 cikin 10 ne na wancan. Shi ya sa ake sa masa rodi. Dekin da ke zaune kan bango biyu, in nauyi ya hau shi tsakiyarsa ce ke lotsawa: sama ya matse, ƙasa ya miƙe, don haka rodi a ƙasa yake. Barandar da ta fito waje ba ginshiƙi kuwa akasin haka ce. Gefe ɗaya ke riƙe da ita, samanta ne ke miƙewa, musamman daidai inda ta haɗu da bango. Lanƙwasa karan dawa ka gani, gefen waje da ya miƙe ne ke fara tsagewa. To, in rodin saman ya koma ƙasa, ƙarfen yana nan, an biya kuɗinsa, amma ba ya tsinana komai. Tsaga ta fara daga sama, tayil ya ɓoye ta, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci rodin.

Don Allah, masu gini, a tokare rodin da kujerun ƙarfe, wato 'yan guntayen rodi da ake lanƙwasawa su ɗaga shi sama, a shimfiɗa katako leburori su bi ta kai. Kada kuma a yi gaggawar cire tokarar da ke ƙarƙashin dekin, domin ƙarfin kankaren da injiniya ya lissafa na kwana 28 bayan zubawa ne.