Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tukunyar Asabar

A makon jiya na tsaya ne a kan ƙuruciyata a Omdurman, inda iyayena suka zauna bayan sun baro Maiurno, garin da mutanenmu suka kafa a ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Gidanmu yana dab da unguwar Masalma, kuma katanga ɗaya ce ta raba mu da wata tsohuwa Bayahudiya da muke kira Khala, wadda danginta daga Masar suka zo.

Duk ranar Juma'a kafin rana ta faɗi, takan aza mini tukunya a ka, an liƙe murfinta da kwaɓaɓɓiyar fulawa, in kai gidan burodi, ba a kuma ɗauko ta sai hantsin Asabar. A lokacin na ɗauka ƙyuyar girki ce ta tsufa, sai da na yi hankali na gane cewa addininsu ne ya hana hura wuta tun daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito bayan magaribar Asabar. Ladan aikena ƙwai ɗaya ne, wanda farinsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, gwaiduwarsa kuma tana narkewa a baki, sai ludayi guda na alkama mai ƙamshin hayaƙi. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 suka tashi, kamar yadda sauran Yahudawan Sudan suka watse, tukunyar ta bi su.

Aure ya kawo ni Kano, na shekara fiye da arba'in ina kwatanta abincin nan ba wanda ya san shi, har sai da jikata ta bincika a intanet ta ce, "Kaka, hamin ake ce masa, alkamar kuma ita ce farik, wadda ake girbewa tana ɗanya a babbaka." Gwajina na farko bai yi ba, domin na zuba man shanu yadda na saba, na manta cewa su ba sa haɗa nama da duk abin da ya fito daga nono, ƙwan kuma ya fito fari fat, ya yi tauri saboda na cika wuta. A karo na biyu na koma man riɗi, na tara ɓawon jar albasa na mako guda na shimfiɗa a ƙasan tukunya, na jera ƙwai da ɓawonsa a gefen kaza, sannan na binne tukunyar a rushin gawayi tun la'asar har gari ya waye.

Da na fasa ƙwan na ga launin nan, sai na kasa ci, na zauna ina jin muryar Khala tana kirana ta saman katanga. Alkamar dai har yau ba ta kamo tata ba, don wadda na samu busasshiya ce. A mako mai zuwa zan ba da labarin ranar da suka kwashe kayansu.