Tsohuwa mai saƙa ta riga ni gano mai kisa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke korar mutum daga ɗaki, na aro wani littafi a ɗakin karatu na CCFN, cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Fassarar Faransanci ce ta wani labarin Ingila, irin waɗanda suka yi tashe tsakanin 1920 da 1940: ƙaramin gari, kowa ya san kowa, a wayi gari a tsinci gawa. Ba a nuna jini, kuma ba ɗan sanda ne ke warware lamarin ba. A wannan, wata tsohuwa ce mai saƙa.

Dare uku na yi a kan tabarma a tsakar gida, ina karatu da fitilar waya. Na ci alwashin sai na riga tsohuwar gano mai laifi, har takarda na ajiye ina rubuta sunaye, don sunayen Turawa rikita ni suke yi. Takardar ta yi amfani. Gaggawa ce ta kayar da ni. Duk inda mata suka zauna shan shayi suna hirar furanni da kuɗin gyaran coci, sai in tsallake, a zatona cikon shafi ne. Ashe a nan marubuciyar ta binne komai. Wani ya faɗi abin da ba mai saninsa sai wanda ya shiga gidan a daren, ni kuwa na wuce shafin a guje. Na liƙe wa baƙon da ya zo garin, mai ɗaure fuska, alhali an ajiye shi ne don masu gaggawa irina.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba har yanzu. An kashe mutum, amma garin bai girgiza ba. A nan, in an rasu da safe, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai. Can kuwa gawa na ajiye kwana da kwanaki, maƙwabta na yanka kek. Sai a dare na biyu na yarda cewa wasan ƙwaƙwalwa ne kamar dara, ba labarin baƙin ciki ba.

Ranar Juma'a na je gaida Goggo a Birni, bayan fadar Sarki. Tana gyaran zogale, ina ba ta labarin, ban kai ko rabi ba ta katse ni.

"Kai ɗan nan, wa zai ci gadon?"

Na faɗa mata.

"To wa ya fi kowa rawar jiki wajen taimakon masu binciken?"

Na ce ai wannan mutumin kirki ne, Goggo, kowa na yabonsa.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Shi ne. Miƙo mini faifan nan."

Shi ɗin ne kuwa.