Injin feshin ruwa ya ɗaye min fuskar daɓe a Agege

Duk wanda ya taso a Arewa ya dawo Legas da zama ya san dattin tsakar gida a nan ba irin namu ba ne. A gida ƙura ce, tsintsiya ta ishe ta. A nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya barin ƙasa ta sha iska, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Kafin ka ankara daɓen da kake ajiye mota ya yi kore shar ta gindin katanga, tsakiyarsa ya yi baƙi ƙirin, ga santsin da ke iya kayar da babban mutum. Namu na Agege haka ya koma. Gansakuka ta kama duk inda rana ba ta kaiwa, baƙin mai ya ɗiga a wajen janareta, yara kuma ba sa daina gudu a kai. Na gaji da goge shi da buroshi da omo, shi ne na yanke shawarar sa masa inji.

Daɓen namu kashi biyu ne, kuma a nan duk maganar take. Na gaba, daga get zuwa inda mota ke tsayawa, tun ginin gidan yake. Na baya, wanda ya bi ta gefen gida zuwa wajen tanki da janareta, ni na sa wani birkila ya zuba min shi bayan mun tare. A ido ba ka iya raba su, dukkansu datti ya rufe su launi ɗaya.

Na fara da ƙaramin inji mai aiki da lantarki da na aro wajen ƙanina. Irin waɗannan ƙarfinsu bai cika wuce 110 zuwa 140 ba a ma'aunin matsin ruwa da ake kira bar, kuma suna jan wuta wajen wat 1,500 ko fiye, don haka ƙaramin janaretan nan na kunna fanka da talabijin ba ya ɗaukarsu. Wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya. Sai na je wajen wani ɗan'uwa mai wankin mota a unguwarmu na yi hayar nasa mai shan fetur, wanda ƙarfinsa ke kai wa 200 a ma'aunin bar, wato kusan 3,000 a ma'aunin PSI da ake rubutawa a jikin injinan. Ya haɗo min da kawunan feshi masu launi-launi. Ja shi ne mai fitar da ruwa siriri kamar tsinke, faɗin feshinsa digiri 0. Rawaya digiri 15, kore 25, fari 40, baƙin kuma na sabulu ne, ba shi da ƙarfi. Ya ce min, “Alhaji, jan nan kada ka ko taɓa shi, ka yi da rawaya ko kore.” Na ji maganarsa, jan bai fita daga leda ba.

Ɓangaren gaba ba abin da zan ce a kansa sai alheri. Da rawaya na bi shi, datti na tashi, farin siminti na fitowa, har maigadin maƙwabta ya leƙo yana sa albarka. Abin da kawai ya ba ni mamaki shi ne yadda injin ke shan ruwa. Mai fetur yakan zuƙi lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya, ma'ana tankin lita 1,000 ba zai kai ka awa biyu ba. Mu da bohol ɗinmu sai da wuta yake ɗagowa, dole na tura aka kira masu ruwa suka turo kura suna juyewa a durom. Kuma ba a barin inji ya ja iska, famfonsa lalacewa yake in ruwa ya yanke, ga shi kayan aro.

Da na zagaya baya ban canza komai ba. Kan feshin shi ne, nisan hannuna daga ƙasa shi ne, tafiyata ita ce. Na ga ruwan da ke gangarawa ya canza launi, ya bar baƙi ya koma toka-toka mai kauri, sai na ɗauka dattin wajen ne ya fi yawa tunda nan ne inuwa. Ƙasa a jiƙe take, feshi na tashi yana rufe ido, ba ka ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwan. Sai da na kashe inji don a ƙara ruwa, na taka wurin, na ji yashi na ƙaras-ƙaras a ƙasan takalmina. Na durƙusa na shafa. Santsin saman daɓen ya tafi gaba ɗaya, tsakuwa ta fito fili, duk inda na kai hannu na dawo ya bar layi-layi a kwance. Ashe ruwan tokan nan da na yi ta korawa lambatu simintina ne.

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuɗin siminti cif na ba birkilan nan lokacin, ban rage masa ko buhu ɗaya daga abin da ya lissafa ba.

Akwai wani dattijon magini, mutumin Katsina, da muke salla masallaci ɗaya, ya daɗe yana aikin gini a Legas. Na roƙe shi ya zo ya duba. Bai ce komai ba da farko, ƙusa ya nema. Ya je gaba ya karta ta a daɓen da ƙarfi, da ƙyar ta bar alama. Ya dawo baya, wajen da inji bai taɓa ba, ya karta, sai ga gari na tashi, ƙusa ta yi rami. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Ɗana, ba inji ne ya ɓata maka daɓe ba, daɓen ne dama ba shi da rai. Inji tona shi kawai ya yi.” Na ce, “Baba, to shekarun nan da muke takawa fa bai nuna ba?” Ya ce ƙafa da tsintsiya ba sa tambayar siminti komai.

Ya yi min bayanin da na so a ce na ji shi tun kafin in ɗauko hayar. Kwaɓin da aka saba yi wa irin wannan wuri shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Mai son cin riba sai ya ƙara yashi, ya kuma tsuga ruwa don kwaɓin ya yi saukin bazawa. Ruwa in ya yi yawa, yakan taso sama da garin siminti mara ƙarfi, ya kwanta a fuska. Wasu ma in za su goge saman sai su yayyafa ruwa ko su barbaɗa busasshen siminti don ya yi sheƙi, mai gida ya gani ya yaba. In aka haɗa da rashin ba shi ruwa a kwanakin farko, ko ruwan sama ya doke shi yana ɗanye, abin da za a samu ɓawo ne siriri mai kyan gani a kan yashi. Siminti na bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. Na tuna ranar da aka zuba na bayan, hadari ya haɗo da yamma, birkilan ya ce ba komai, ruwa ma taimakon siminti yake. Taimako ne in ya riga ya kama, ba yana ɗanye ba.

Gwajin ƙusan nan bai kai minti ɗaya ba. Shi nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni maganar inji yanzu, kafin maganar kan feshi ko ƙarfin famfo. Ka karta ƙusa a kowane ɓangare da ka san ba rana ɗaya aka zuba shi ba, har da wuraren da aka yi faci bayan an haƙa don bututu. In gari ya tashi, kada inji mai ƙarfi ya kusanci wurin. In bai tashi ba, duk da haka ka fara a lungun da ba a gani, da farin kan feshi, hannunka sama da ƙasa kamar santimita 30, ka wanke ɗan wuri, ka kashe, ka jira ya tsane, ka shafa da hannu. Jiƙaƙƙen daɓe ba ya nuna ɓarna, sai ya bushe. Kuma ka zuba ido a kan launin ruwan da ke gudu. Baƙi ko kore datti ne. Toka mai kauri, ka saki bindigar feshin nan take.

Abin da ya ƙara min takaici shi ne abin da ya biyo baya. Wurin da ya ɗaye ya fi ko'ina saurin komawa kore. Fuska mai kaushi tana riƙe ruwa da ƙasa a ƴan ramukanta, gansakuka kuma abin da take so ke nan. Kafin ruwan Oktoba ya ɗauke, daɓen baya ya fi yadda yake kafin in wanke shi muni, alhali gaban na nan fes. Ga yashi da ke ta fita kullum, ana shiga da shi ɗaki a ƙafa, uwargida tana shara tana mita, kuma da gaskiyarta.

A nan na gane gansakuka ba da ƙarfin ruwa ake yaƙarta ba. Abu ne mai rai, inji saman kawai yake kwashewa, abin da ya maƙale a ramukan siminti ya sake tsirowa da zarar ya samu laima. Abin da ke kashe ta shi ne bilic, irin su Hypo da Jik da matanmu ke sa wa fararen kaya. A sirka da ruwa, a zuba a wurin da sassafe ko da yamma lokacin da rana ba za ta busar da shi nan da nan ba, a bar shi minti 10 zuwa 15, a bi da buroshi mai tauri, sannan a ɗauraye. Ragowar bayan da inji bai kai gare shi ba haka na yi masa, da tiyo kawai na ɗauraye, ya fita tas, fuskarsa kuma tana nan. Da haka na yi wa duka bayan tun farko, da ko kwabo ban kashe a gyara ba. In akwai shuka a gefe a jiƙa ta da ruwa sosai kafin a fara da bayan an gama.

Wata magana da ba zan tsallake ba: a Legas an saba sayar da asid na wanke tayil da bayan gida, kuma za ka samu mai ba ka shawarar zuba shi a daɓe. Asid cin siminti yake, wato ɓarnar da inji ya yi min ita zai yi, sai dai shi a shiru yake yin ta. Haɗa shi da bilic kuwa hatsari ne na gaske, hayaƙin kulorin yake fitarwa, mai shaƙe numfashi. Ko a jere kada a yi amfani da su a wuri ɗaya ba tare da an ɗauraye sosai ba.

Baƙin man wajen janareta shi ma inji bai cire shi ba, baza shi ya so yi. Garin katako na samo wajen masu yankan katako na zuba ya kwana ya tsotse, na share, na kwaɓa omo da ruwan zafi na goge. Ya ragu sosai, amma inuwarsa na nan, don mai in ya daɗe yana nitsewa cikin siminti. Yanzu tire na ajiye a ƙarƙashin janaretan.

Sauran abubuwan kowa ya san su. A fara daga tudu a gangaro wajen get, a share ganye da leda tukuna don kada a toshe lambatun layi a jawo rigima da maƙwabta. Kada a yi aikin da silifas, ruwan nan yana yanka fata, kuma yana iya cusa datti cikin nama ta ƴar ƙofar da ba za ka ɗauke ta komai ba. Tabarau ma dole ne saboda tsakuwar da ke fallatsa. Masu intalok, wato daɓen duwatsun siminti da ake jerawa, su sani inji na fitar da yashin da ke tsakanin duwatsun, sai an mayar da shi in ba haka ba su fara motsi. Akwai kuma wani faifai mai zagaye da ake ɗaura wa bindigar, mai kawuna biyu da ke juyawa a ciki, yana wanke fili bai-ɗaya ba tare da layi-layi ba. Daga baya na ga ana sayar da shi a kasuwar Alaba. Yana da kyau ga daɓe mai ƙwari, amma ba zai ceci rubabbe ba.

Gyaran ne ya fi ciwo. Na so a shafa masa filasta siririya a rufe, Baba ya ce a'a. Siririn shafe a kan tsohon daɓe mai gari ba ya kamawa, da mota ta hau ko damina ta zagayo zai fara ɓamɓarewa falle-falle. Sai dai a sassaƙe duk abin da ya yi laushi har a kai ga mai ƙwari, a wanke, a shafa ruwan gam ɗin da ake haɗawa da siminti don sabo ya kama tsoho, sannan a zuba mai kauri kamar santimita 5 da ƙananan tsakuwa a ciki. Wannan kuma a lokacin da buhun siminti mai kilo 50 ya riga ya haura naira dubu goma tun farkon 2024. Kuɗin hayar inji da fetur da ruwa duka ba su kai kuɗin tsakuwar gyaran kaɗai ba.

Mun bari sai da ruwa ya ɗauke a Disamba aka yi aikin. Wannan karon ina tsaye aka auna kowane kwano, Baba na zaune a kujera yana hana yaran ƙara ruwa, ko sun ce kwaɓin ya yi tauri. Aka rufe shi da buhunan algarara, yarana suka karɓi aikin jiƙa shi safe da yamma, na hana kowa ya jawo janareta ta kai sai da wata ya cika. Baba ya ce ko da ya yi ƙwari kada in sa masa inji a shekararsa ta farko, bilic da buroshi sun ishe shi, gaban kuma in ina so in wanke sau ɗaya bayan damina da koren kai.